Tankin Da Aka Bar Wa Mai Tiyo

Ƙanena ba mahaukaci ba ne. Duk mai faɗar haka ya zo ya faɗa a gabana. Mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kiwon abin da ido da kyar yake gani.

A gidan ƙyanƙyasar kifi ya yi aiki, can ɗakin baya mai warin gishiri, inda injin iska ke tayar da kumfa ba hutu. Wasu ƙananan ƙwarin ruwa yake kiwo. In ka ɗaga kofin gilashi wajen haske sai ka gan su kamar an barbaɗa gari, suna zillo. Su ne abincin farko na 'ya'yan kifi, lokacin da bakinsu bai isa kama komai ba. Abokan aikinsa Mai Tiyo suke ce masa, don kullum da safe yana durƙushe da siririn tiyo, yana zuƙo ƙwan da ƙwarin suka zubar a gindin tanki, ya tace, ya kai wani ruwan su ƙyanƙyashe.

Na taɓa leƙa shi na ce, "Mutane na kiwon shanu, kai kana renon datti."

Ya yi dariya. "Yaya, dattin nan in na makara, iyayen ne ke cinye ƙwan."

"Nasu na kansu?"

"Ba sa tambayar na waye. In wuri ya matse, abinci ya yi kaɗan, duk abin da ya taɓa bakinsu ya tafi."

Ƙa'idar aikin ita ce in sun yi yawa a rage, a ba kifi ko a zubar a kwata. Bai wa kifin bai dame shi ba, ya ce wannan rabo ne. Zubarwar ce ba ya iyawa. Sai ya kira wani dattijo mai wankin tankuna ya zare masa toshiyar tankin, shi kuma ya fice waje har ruwan ya gama tafiya. Suna ta tsokanarsa, wai mai jego ba ta son ganin jini.

Sai aka kawo sabon manaja, mai son cika ko'ina da kifi. Ya ce tanki ɗaya ya ishi ƙwari, a zubar da na sauran tankunan kafin a tashi aiki. Ranar dattijon bai zo ba. Ƙanena ya tsaya kan toshiya ya kasa. Ya ɗauki bokiti ya kwashe su duka ya juye a tankin da aka bar masa.

Ya fi kowa sanin abin da zai biyo baya, shi ne abin da ke ƙona min rai. Ya ce zai ƙara musu gansakukar da suke ci, amma wadda yake nomawa ba ta isa wannan taron ba. Ya koma zuƙar ƙwai safe, rana da yamma. Abin da ke zuwa rariyar tacewa sai fasassun ɓawo. Ya ce min ya sa ɗigon ruwa a madubin ƙara girma, ya ga wata cikin ƙwarin ta rungumi ƙwai da ƙafafunta tana juya shi. Ya ɗauka gyara masa kwanciya take. Bai ƙarasa min labarin ba.

Ƙwarin nan ba sa daɗewa a duniya. Manyan suka tsufa suka mutu, ba na baya. Ruwan da ke cike da zillo ya yi ta washewa har ya zama garau. Kifi suka ƙyanƙyashe ba abin ci, suka taso saman ruwa fari fat. Aka sallame shi.

Na je na samu manajan na wanke shi tas. Na ce su suka ƙwace masa wuri, kuma shekara da shekaru ba wanda ya taɓa rasa iri a hannunsa. Ya bari na gama ya ce, "Baiwar Allah, cewa na yi ya zubar. Da ya zubar, da yanzu muna da iri." Na fito ina huci.

Ya dawo gidana da kwalba guda, ragowar ruwan tankin. Ya ajiye ta a taga. Kullum sai ya ɗaga ta wajen haske ya daɗe yana kallo. Ya daina shiga mota in ta cika. In yarana suka taru kan kwano ɗaya, sai ya tashi ya bar ɗakin. Ni kaina na fara jin kamar wani abu na motsi a tagar in na juya baya.

Wata safiya ya miƙo min kwalbar. "Yaya, ba komai ciki. Ki zubar min."

Na ɗaga ta na duba da kyau. Ruwa ne kawai. Na kai bakin kwata na tuttular, na ɗauraye, shi yana tsaye ya ba ni baya.

Da ya ji shiru ya ce, "Kin duba gindin? Ƙwan a ƙasa yake kwanciya. Wani yakan daɗe bai farka ba."

Na ce don me bai faɗa ba tun kwalbar na hannuna? Ya zo ya tsuguna bakin kwatar yana kallo.