Gonar Tafasar Iya Yagana

A bayan tashar motar Gashua, in ka ce kwaɗo, Iya Yagana za a nuna maka. A Dagona aka haife ta, aure ya kawo ta gari. Mijinta, mai sayar da busasshen kifi, ya rasu ya bar mata ɗaki biyu da turmi da baki mai kaifi, ko da yake maƙwabta sun ce da bakinta ta zo. Kullum da hantsi takan fito da ƙwaryar kwaɗon tafasa, ta zauna gindin dogon yaro, direbobi su kewaye ta. Da wannan take ci, da shi take sayen sabulu.

Ganyen kuwa ba daga nesa yake zuwa ba. Jikin katangarta akwai filin Malama Bunmi, ma'aikaciyar jinya, wadda ta ɗora bulo layi uku sai aka mayar da ita aiki Nguru. Shekara shida ba a ƙara ko ɗaya ba. Duk damina tafasa da lalo sukan cika wurin har ƙugu. Iya ta tsinki na yau, ta shanya na rani, ta bar manyan su yi 'ya'ya su zube don baɗi.

Wata Alhamis cikin Agusta ta tarar da Zakir, duba-garin unguwar, yana manna takarda a jikin bulon. Bafulatani ne, ita kuwa Babarbariya, don haka ba sa gaisawa sai da tsiyar wasa.

"Kai bawana, me kake liƙa wa katangar mutane?"

"Sanarwa ce, Iya. Kwana bakwai. In ba a share ciyawar nan ba, lebura za su zo su sassabe, mai fili ta biya kuɗin aiki da tara. Sauro ya ishi mutane, jiya kuma an ga maciji."

"Wace ciyawa? Miya ce ka tsaya a kai. Da ma Bafulatani me ya sani na ganye in ba wanda saniya ke ci ba?"

Zakir ya yi dariya. "Ni dai abin da aka bari ya fito da kansa, ciyawa ce. Da gona ce, a jere, da kunya, an nome ta, da ban tsaya ba."

Iya ta dubi filin. In aka sassabe yanzu, babu na rani, kuma 'ya'yan ba su nuna ba, baɗi ma sai dai ƙarangiya.

Da la'asar ta buga wa Malama Bunmi waya. Ita kuwa da jin maganar tara ta ce, "Mama, a share kawai. Gobe zan turo mutum da adda."

"Kada ki turo kowa, 'yata. Ki ba ni aron filin in noma."

"Me za ki shuka yanzu, damina ta yi nisa?"

"An riga an shuka."

Bunmi ba ta gane ba, amma ta yarda, tunda babu abin da zai fita daga jakarta.

Washegari Iya ta ari fartanya, ta ɗaure igiya daga wannan bulo zuwa wancan. Duk tafasar da ta faɗo kan igiya ta tsira, wadda ta kauce kuwa aka tuge ta. Abin ya yi mata ciwo, don fiye da rabi ne ya tafi, sai dai ba ta yar da ko ganye ɗaya ba, tsakar gidanta ya cika da shanya. Ta tara ƙarangiya da tsofaffin ledoji ta ƙona, ta ja ƙasa ta yi kunya. Masu wucewa suna tsayawa kallo, don ba wanda ya taɓa ganin ana yi wa tafasa huɗa. Wani direba ya tambaye ta ko za ta sa mata taki, ta ce in ya kawo ba za ta ƙi ba.

Ran kwana na bakwai Zakir ya zo da lebura biyu. Ya bi kunya ɗaya har ƙarshe, ya dawo ta wata, yana sosa ƙeya.

"Iya, wannan ai tafasar ce dai."

"A jere take ko ba a jere ba?"

"A jere take."

"An nome ko ba a nome ba?"

Ya duba ƙasa, ko tsinken ciyawa babu. Ya sallami leburan, ya ɓare takardarsa daga jikin bulo, ya ninke.

"To, gona ce. Amma duk Alhamis zan biyo, in na ga ciyawa tsakanin kunya, ta koma kango."

Tun daga ranar, duk Laraba da sassafe za ka ga Iya duƙe a filin, hannu ɗaya a fartanya ɗaya a ƙugu, tana zagin ƙarangiya da Barbarci. Tafasar ta yi 'ya'ya, suka bushe, ta zage su ta ƙulle a tsumma, ta ce baɗi da hannunta za ta shuka, ta huta da igiya.