Tarwaɗar da Kaka Ya Rataye

Har yau idan na bi ta gefen masu ɗanyen kifi, ƙarnin nan ya bugi hancina, sai in juya in canja hanya. 'Ya'yana suna cewa iyayi ne. Na bar su a haka, amma kai zan faɗa maka.

Muna zaune a Makera lokacin, Baba yana aiki a masaƙa. Da damina ta ja baya sai Kakana na wajen uba ya zo daga ƙauye, zuwansa Kaduna na farko. Amarya yake kirana, ni kuma in ce ba na son miji marar haƙora. Baba ya ɗauki hutu don ya zaga da shi. Muka kai shi tashar jirgin ƙasa, muka je duwatsun Kajuru, muka tsaya daga nesa ya ga wutar matatar mai ta wajen Rido, ya ce wannan ɓarnar wuta ce, ko tukunya ba a ɗora mata ba. Babu abin da ya burge shi. Shi dai kogin yake so, domin masunci ne tun yana saurayi.

Ranar ƙarshe muka gangara bakin ruwa ta ƙasan gada. Nan ne na ga fuskarsa ta sake. Ya tuɓe takalmi, ya ɗebi ruwan ya shinshina. Baba ya hau sama sayo mana gasasshiyar masara, ya ce in kula da tsoho.

Ni ce na fara ganin wata igiya tana rawa a cikin ruwa, ni ce na nuna masa. Ƙugiya ce wani ya kafa, ta kama ƙatuwar tarwaɗa. A garin su Kaka, in ka tarar da haka ba ka wucewa. Za ka ciro kifin kafin guza ya cinye, ka rataye shi a reshe, ka ƙulla ciyawa a jikin igiyar don mai shi ya san hannun mutum ne ya taɓa. Haka Kaka ya yi. Ya ƙulla ciyawar, ya ɗago kifin yana cikin rataye shi a reshe.

Sai wani ya ce ɓarawo.

Ban san daga ina mutane suka ɓullo ba. Masu wankin mota, masu ɗiban yashi, har da waɗanda ba su ga komai ba. Na farko ya kai masa mari, hularsa ta faɗa ruwa. Wani ya maka masa ƙotar shebur a kafaɗa, na ji ƙarar ƙashi. Ya faɗi, suka bi shi da ƙafa, jini na fita ta hanci da baki. Yana ta nuna igiyar, ba mai kallo. Wani har ya gangaro da tsohuwar taya.

Wani mai jar riga ya juyo ya kalle ni ya ce, "Ke, kin san shi?"

Na girgiza kai. Wallahi na girgiza kai, kuma Kaka yana kallona.

Wata mata mai lambu a bakin kogin ce ta ratso su, 'yar kudancin Kaduna, da sarƙar giciye a wuyanta. Ta faɗa kansa ta rufe shi da jikinta, sanda ɗaya ta sauka a bayanta. Ta nuna igiyar tana haki.

"Ku makafi ne? Ɓarawo yana ƙulla ciyawa? A ƙauyenmu ma haka ake yi."

Mai ƙugiyar, wanda ashe yana cikin taron, ya je ya duba da kansa, ya tarar da ƙullin ciyawar. Kafin Baba ya iso da masara a hannu, taron ya watse kamar ba a yi ba.

Kwana tara Kaka ya yi a asibiti. Hannun dama bai ƙara ɗaguwa ba, bai ƙara jefa taru ba. Da ya fara magana, abin da ya tambaya shi ne ko mai kifin ya samu kifinsa. Ni kuwa na ƙi shiga ɗakin, sai da Inna ta ja ni. Na jira ya tona ni a gaban Baba. Sai ya kama yatsuna da hannun hagu ya ce, "Amarya, gara da kika yi haka. Da sun haɗa da ke."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Har ya rasu bai gaya wa kowa ba.

Yanzu gidaje sun cinye lambunan, matar kuma ban ƙara ganinta ba, ko sunanta ba mu tambaya ba. Ina zaune a Nasarawa, kullum sai na haye gadar nan. Bara a kasuwa aka yi ihun ɓarawo a kan wani tsoho da ban taɓa gani ba. Na ajiye kayana na kutsa. Aka ce, Hajiya, kin san shi ne?

Na ce kakana ne.