Gurbin Farko a Jerin Inna

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ƙannena biyar kowa ta kira shi da sunansa, ni kuwa sai "kai wannan", in ta so tsokana ta ce "ɗan boko". Abin yana ci mini rai tun ina ƙarami, ban dai taɓa faɗa ba.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ina aiki a ofishin masu fitar da kaya kusa da tashar jirgin ruwa ta Lomé. Kwamfuta ɗaya ce a ofishin, ƙarƙashin hoton shugaban ƙasa, kuma da hutun rana nake koyon Lisp, harshen ba na'ura umarni, a kanta. Ana haka dangin Inna na Katsina suka aiko suna son sunayen duk zuri'ar kakanmu da ke unguwar Zongo ta Lomé, don a haɗa a takardar dangi. Kawu, ƙanin Inna, direban babbar mota ne, ranar Asabar zai tashi zuwa can. Ni da rawar kai na ce na'ura za ta yi.

Na bi gida gida na rubuto. Da na zo kan Inna, ta lanƙwashe ɗan yatsa ɗaya ba ta ambaci suna ba, sannan ta nuna ni da haɓa, ta jero sauran. Na san an yi wani kafin ni, ya rasu a goye, ba a zancensa. Na ja ɗan layi a takarda, a na'ura kuma na sa NIL, wato babu.

Shirin da na rubuta wa na'urar ƙarami ne. Aiki ɗaya ne mai ɗaukar mutum, ya buga sunansa, ya sake kiran kansa a kan kowane ɗansa. Ranar Alhamis na buga. Kowa ya fito, har jikokin Kawu. Ƙarƙashin sunan Inna kuwa fayau, kamar ba ta taɓa haihuwa ba. Haka za a karanta ta a garin ubanta.

Wallahi na zagi na'urar da Hausa, na ƙara mata da Faransanci. Washegari an kwashe ma'aikata zuwa rawar jam'iyya, na ce cikina ke ciwo, na maƙale. Na dasa wurin tsayawa a bakin aikin, yadda duk lokacin da ya kira kansa zai dakata in duba abin da aka miƙa masa. A irin wannan shiri abin da ya shiga ba ya sauyawa a hanya, don haka in an ga ɓarna, a bakin ƙofa za a kama ta. Na yi ta sakinsa yana tsayawa, har muka iso kan Inna. Na tambayi jerin da ke hannunsa. Ga mu nan mu shida cif, NIL a gabanmu.

Laifina ne. Na rubuta cewa in na farko babu ne, jeri ya ƙare. Gyaran bai kai layi ɗaya ba, amma gurbin yana nan.

Na tarar da Inna tana tsince shinkafa a tsakar gida. Na ce, "Inna, na farkon nan, me zan rubuta?"

Na san mace ba ta faɗin sunan ɗan fari, amma na ɗauka mutuwa ta ɗage wannan. Ta daɗe tana juya faifai.

Ta ce, "Ba sai ka tambayi kowa ba. Rubuta naka."

"Nawa yana ƙasa, Inna."

"Rubuta sau biyu. Da aka haife ka babanku ya mayar maka da sunansa. Ban hana ba, na dai san ba zan iya kira ba."

Na zauna a kan turmi. Shekara ashirin da shida ina zaton ni ne ba a so.

Ranar Asabar Kawu ya tafi da takardar, sunana a jere sau biyu. Da na dawo daga rakiya, Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "Kai wannan, ka ci abinci kuwa?"

Na amsa tun kafin ta rufe baki.