Ladanin da ya ja wa unguwa ramuwar azumi

Shekara talatin da ɗaya Malam Hudu ya yi yana ladanci a masallacin unguwarsu a Ɗantutture, bai taɓa ɗaura agogo ba. Wajen kawunsa ya gaji aikin, har da taurin kan. Azahar da La'asar inuwar katangar masallaci yake aunawa da tafin ƙafa. Magariba kuwa sai ya hau wani ɗan tudu ya ga rana ta nutse bayan gonaki da idonsa. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba, shi ya sa aka ƙyale shi da cika bakinsa.

Da ya haura sittin, yanar ido ta fara rufe masa gani. Duniya ta riƙa yi masa duhu-duhu tun da sauran rana, amma bai gaya wa kowa ba, ko matarsa. Tsoro yake ji. Yayansa ya taɓa miƙa ido ga wani mai yawo ƙauye-ƙauye yana ture yanar ido da allura, tun ranar bai sake ganin komai ba har ya rasu.

Ran sha bakwai ga azumi asiri ya tonu. Hudu ya hau tudunsa, ya duba yamma ya ga dishi-dishi, ya sauko ya rangaɗa kiran Magariba. Mata a cikin gida suka kafa kai a kunu, tsofaffi suka jefa dabino a baki. Waɗanda ke waje suka saki baki, ga rana nan jawur ba ta faɗi ba! Rabin unguwa sai da suka rama azumin wannan yini.

Liman Ashafa abokinsa ne tun ƙuruciya, amma bai ɓoye masa ba. "Hudu, azumin mutane ba abin wasa ba ne. Munzali tela shina da agogo, shi za shi riƙa kira har ka nemi magani."

Hudu ya ji zafin maganar nan ƙwarai. Kwana uku ko kallon masallacin bai iya yi, a ɗaki yake salla. 'Yarsa Hafiza da ke aure a Kurfi ta zo ta same shi ya haɗa rai.

"Baba, mi kake jira? Uwar mijina an yi mata aikin nan a asibiti a Dutsin-Ma, yanzu da kanta take zura zare a allura."

"Ai da allurar aka makantar da baffanki."

"Wancan a gindin bishiya aka yi shi, Baba. Wannan likita ne."

Bayan Ƙaramar Salla ta tasa shi gaba. Ya shiga ɗakin aikin yana ta salati kamar mai bankwana da duniya, sai ga shi ko rabin awa ba a yi ba an gama ido ɗaya. Washegari da aka cire auduga, ya ƙare wa Hafiza kallo ya ce, "Ashe kin yi furfura ba ki faɗa mini ba?" Bayan wata biyu aka yi ɗayan.

Ranar da ya koma ladanci, gab da Magariba jama'a suka taru, wasu don murna, wasu don su ga ƙwaƙwaf. Ya hau tudu ya tsaya. Munzali ya duba agogo ya ce, "Malam, lokaci ya yi fa."

"Bai yi ba. Ga bakin rana can ta ƙarƙashin reshen ɗorawa."

Liman ya hau ya kare ido da hannu, ya daɗe yana leƙe. Sannan ya juyo ya ce, "Da saura. Ku jira ladan."

Aka tsaya ana jiransa har rana ta nutse, sannan ya sauko a hankali ya kai yatsu kunne.