Haƙorin Makkan Hajiyarmu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya iske ni, Dakta Munzali likitan haƙori ya rasu.

Wallahi tun ɗazu kunya ta fi baƙin ciki damuna.

Bara, ba a daɗe da bam ya rutsa da Babanmu ba, kumatun Hajiyarmu ya kumbura suntum. Haƙorin Makkanta ne ya ruɓe ta ciki. An hana acaɓa, ko'ina shingen sojoji, haka muka tako daga unguwarmu Sheshe zuwa asibiti ina ta mita.

Dakta ya duba, ya ce sai an cire, kar ciwon ya ci ƙashi. Hajiya ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce a bar mata abinta.

Ni kuma uban 'yan wayewa, sai na ɗaga mata murya a gaban jama'a: "Haba Hajiya! Ɗan gwal ɗin nan ne zai kai ki Aljanna?"

Dakta ko kallona bai yi ba. Ya cire safar hannu, ya jawo kujera kusa da ita.

"Hajiya, wa ya sa miki shi?"

Ta ɗago ta dube shi. Can ta ce, "Maigidana Alhaji ne, shekarar da muka sauke farali. Yana tsaye a kaina yana tsokanata, wai in riƙa dariya a ga kuɗinsa."

Ga layi a waje, amma ya bar ta ta yi labarinta har ƙarshe. Da kanta ta sauke mayafin. Da ya cire haƙorin, ya wanke shi tas, ya naɗe a auduga, ya miƙa mata da hannu biyu.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a layin bincike ne, Ƙofar Nassarawa, kowa hannu sama. Na so in ɓuya, ya hango ni.

"Malam Bashir, ya Hajiya? Ka riƙa zama kana jin hirarta."

Na ce to. Ta baki ce kawai.

Yau da na gaya mata rasuwar, ta share hawaye ta ce, "Tun da Babanku ya tafi, shi kaɗai ya taɓa tambayata labarinsa."

Alhali gida ɗaya muke kwana da ita kullum.

Allah Ya jiƙan Dakta, Ya tausaya masa fiye da yadda ya tausaya wa tsohuwarmu. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Ni bari in ajiye wayar nan, in je in zauna wajen Hajiya.