Giyar da Na Rubuta Ban Ɗanɗana Ba

Zoɓo na je karantawa a Kuala Lumpur. In na faɗi haka mutane kan yi dariya, amma gaskiya ce. Digirina na uku a kan sinadarin da ke ba zoɓo jan launinsa ne, da yadda za a hana launin dushewa in an ɗura shi a kwalba. Shekara biyu da rabi ina jiƙa shi, ina tacewa, ina aunawa. Muna zaune a unguwar Danau Kota, hawa na goma sha huɗu, ni da matata da 'yan matanmu biyu. Saura in buga takarda ɗaya a mujallar masana, in rubuta babin ƙarshe, mu tattara mu koma Kano. Sai korona ta zo aka kulle gari.

Wata uku ban ga ƙofar lab, ɗakin gwaje-gwajenmu, ba. Da aka fara sassautawa, aka ba kowane ɗalibi kwana biyu a mako, sai Farfesar da ke duba aikina ta kira ni ta bidiyo. 'Yar ƙasar ce amma asalinta Sin, mace mai kirki, sai dai ba ta son a ja zance. Ta ce mujalla ta dawo da takardata. Ɗaya daga cikin masu tantancewa ya ce su ba su san zoɓo ba, sai in gwada launinsa da na wani abin da duniya ta sani. Har ya ambaci abin: jar giyar inabin da ake kira shiraz.

"Ina da aboki a kudancin Ostireliya," in ji ta. "Itatuwansa tsofaffi ne ƙwarai. Zai aiko mana kwalba shida. Boleh?"

Boleh a harshen Malay na nufin zai yiwu. A bakin Farfesa kuwa ba tambaya ba ce. Na ce zan yi tunani.

Matata na falo tana yi wa ƙaramar kitso, kuma gidan ba shi da girman da za a ɓoye magana.

"Malam, giya na ji ta ce?"

"Aunawa zan yi, ba sha ba."

"Da hannun wa za ka auna?"

Ni ma abin da ke damuna ke nan. Na kwana biyu ina juya abin, sannan na koma wa Farfesa da shawara. Launin giyar daga ɓawon inabi yake fitowa. A aiko mini ɓawon, busasshe, in yi aikina a kansa. Ita giyar, wata abokiyar karatuna Ba'indiya da muke lab ɗaya ta auna ta, ni in karɓi alƙaluman. Farfesa ta yarda, amma da sharaɗi. Sai na rubuta babi guda a kan yadda ake yin giyar da yadda take a hanci da baki, don mai karatu ya san da me ake gwada zoɓon. Ta ba ni lambar abokin nata.

Tsoho ne mai jar fuska da ƙaton hannu, kullum da malafa. Ranar farko da na kira shi ta bidiyo bai ma zauna ba, ya ɗauki wayar ya fita da ni gona. Lokacin sanyinsu ne, babu ganye ko ɗaya. Na yi tsammanin ganin wani abu mai kyau, sai ga wasu gajerun kututture a jere, baƙaƙe, a murɗe, wasu sun tsage har ana hango ƙasa ta cikinsu. Da a gonar mahaifina suke da tuni an tone su an hura wuta.

Ya ce sun haura shekara ɗari. Bai taɓa yi musu ban ruwa ba, saiwarsu ta nutse ƙasa tana neman nata. Ƙaramin itace yakan cika kwando, waɗannan kuwa ɗan abin da suke bayarwa bai taka kara ya karya ba. 'Ya'yan ƙanana ne, ɓawonsu da kauri, ruwansu kaɗan. A nan ya tsaya ya kawo fuskarsa kusa da wayar.

"Ruwan inabi fari ne. Duk abin da kake nema a ɓawo yake."

Wannan na gane, domin shi ne aikina. Na gane sauran bayanin ma. Da hannu ake tsinka, da sassafe kafin rana ta ɗumama 'ya'yan. A cire tsinkayen, a zuba a wasu manyan kwarmi marasa murfi. Bayan kwana biyu ko uku sai ya fara kumfa da ɗumi, ɓawon ya taso sama ya yi tauri kamar ƙanzo, sai a riƙa danna shi ƙasa safe da yamma don ya saki launi. Bayan kamar mako biyu a matse a hankali, kada a fasa ƙwallon ya kawo ɗaci. Sai a ɗura a gangunan katako, a bar shi wajen shekara biyu. Wasu gangunan sababbi, yawanci tsofaffi, don kada ƙanshin katako ya danne na inabin. Duk na rubuta. Matan unguwarmu masu daddawa da sun ji shi da sun gyaɗa kai.

Da muka zo kan ɗanɗano, a nan aka yi ta ta ƙare.

Ya tsiyaya a kofin gilashi, ya ɗaga wa taga. Ja ne har ya kusa zama baƙi, gefensa shuɗi-shuɗi. Ya juya, ya shinshina, ya kurɓa, ya lumshe ido, sai ya shiga jero mini sunayen 'ya'yan itatuwan da ban taɓa gani ba. Ya ce akwai barkono baƙi, akwai hayaƙi, akwai wani abu kamar tsohuwar fata. Ya ce tana da nauyi amma ba ta da nauyi. Ya ce tana da tsawo.

"Tsawo kamar yaya?" na tambaya.

"Kurɓa ɗaya za ka yi ka gane."

"Ba na sha."

"To ka kurɓa ka tofar. Mu ma haka muke yi."

"Ba zan sa a baki ba."

Ya cire malafar ya sosa kai. Ba ya nufin raini, na san haka. Shi ma a ƙuntace yake. An rufe gidajen abincin da ke sayen giyarsa, baƙi sun daina zuwa gonar, sai ga mutum ɗaya da ya zo da tambayoyi, shi ma ya ƙi ɗanɗanawa. Ni kuwa raina ya ɓaci. Na baro ɗalibaina a gida, na zo ƙasar mutane saboda zoɓo, ga ni a ɗakin kwana da kwamfuta a kan katakon guga, ina roƙon wani tsoho ya fassara mini abin da ke kan harshensa.

Mun yi wata biyu muna wannan. Dabarar da na samu a ƙarshe ita ce in riƙa kawo masa nawa. Ya ce tana kama baki, harshe ya bushe. Na ce kamar baurin goro? Na bayyana masa goro, ya ce kusan haka, amma mai laushi, kamar goron da ya daɗe. Zaƙin 'ya'yan itacen na kwatanta shi da ɗinya da ta nuna luguf. Barkonon na ce masoro. Tsawon kuma ashe yadda ɗanɗano ke zama a maƙogwaro ne bayan an haɗiye. Matata ce ta warware mini wannan daga kicin.

"Ai kamar man shanu ne a miyar kuka, Malam. Ka gama ci kana jin sa."

Na juya masa da Turanci, ya yi dariya har da tari, ya ce in rubuta haka nan. Ban rubuta ba. Farfesa ba za ta bari ba.

Sai jiran ɓawo. Girbinsu a watan Maris yake, ni kuwa na zo da buƙatata bayan an zubar da na bana ga tumaki. Dole na jira na baɗi. Da lokacin ya zo masu tsinka suka yi ƙaranci saboda an rufe iyakoki, tsohon da 'yarsa da maƙwabta suka yi aikin, duk da haka ya ware mini nawa daga layin da ya fi tsufa, ya busar, ya aiko. Ƙunshin ya yi mako shida a hanya ana neman wata takardar izini da kowane ofis ke cewa ta ɗayan ce. Ranar da ya iso na buɗe shi a lab da takunkumi a fuska. Ɗan abu ne, bai cika mudu ba, baƙi sitik, yana ƙanshin busasshen dabino da ƙasa. Na jiƙa ɗan kaɗan na gwada, launin da ya fito ya ninka na zoɓona. Na raba sauran a 'yan robobi, na sa a firiza, na ce ranar Litinin in fara aiki sosai.

Kafin Litinin aka sanar da sabon kulle, wanda ya fi na farko tsanani.

Sama da wata uku muna sama kamar tantabaru. Fita sai sayen abinci, mutum ɗaya a gida. Na rubuta wasiƙa uku ina neman izinin shiga lab na awa ɗaya, ba a amsa ko ɗaya ba. Da aka buɗe, ni da Ba'indiyar muka fara isa. Tun daga matakala muka ji warin. Wuta ce ta tsinke a layin da firizar take, ba wanda ya sani, ƙanƙara ta narke ta shiga robobin. Ɓawon ya jiƙe, ya yi tsami, fumfuna ta rufe shi. Jan nan ya koma ruwan ƙasa kamar ruwan kwata. Na zauna a kan kujera mai taya. Ba'indiyar ce ta kwashe ta zubar.

Na kira tsohon na gaya masa. Bai yi faɗa ba. Ya ce Maris na nan tafe, zai sake ware mini. Na ce hutun karatun da jami'ata ta ba ni ba zai kai Maris ba. Ya ce to, ya gyara malafa, muka yi sallama.

Farfesa kuwa, da na kai mata labari, kallon allon kwamfutarta ta ci gaba da yi.

"Ba komai. Mu tura wa wata mujallar, ba tare da gwajin ba."

Na tambaye ta ko da ma hakan zai yiwu tun farko. Ta ce zai yiwu, amma waccan mujallar ta fi suna. Na fito na tsaya a baranda na daɗe, don in na buɗe baki a lokacin ba alheri zan faɗa ba. Mujalla ta biyu ta karɓi takardar cikin mako bakwai.

Babin giya shafi talatin da ɗaya na rubuta. Aka yanke shi ya koma huɗu, aka tura shi ƙarshen kundi. Na kare aikina ta bidiyo, sanye da babbar riga, yara an kulle su a ɗaki da wayar uwarsu. Awa biyu ana yi mini tambayoyi, ba wanda ya taɓo shafukan nan. Da aka ce ko ina da abin ƙarawa, na fara bayanin tsofaffin itatuwan da ba a yi musu ban ruwa. Shugaban zaman ya duba agogo, ya ce lokaci ya ƙure, in fita daga layi su tattauna.

Minti ashirin na yi ina kallon baƙin allo kafin su dawo da ni su ce na ci. Matata ta rangaɗa guɗa har maƙwabcinmu ya buga bango. Na cire babbar rigar, na sa takunkumi, na sauka sayen burodi.