Kilin da Muka Ja Zuwa Sabuwa

Mun tashi da asuba daga Pauwa, a shekarar nan da aka ajiye fam da sule aka koma naira, ni da wani dattijo maƙwabcina da muke kira Baba. Ya biya kujerar Makka, amma ya ce ba zai hau jirgi da haƙƙin mutum a wuyansa ba. Shekara talatin da suka wuce ya ari dokin wani malami a Sabuwa, farin dokin nan kili, ɗan Azbin, ya yi sukuwa da shi da rana tsaka, ya ba shi ruwa gumi bai bushe ba. Kafin magariba doki ya mutu. Baba ya gudo gida don kunya, bai sake taka garin ba. Irinsa yake nema ya mayar. Ni kuwa an tafi da ni don in rubuta shaidar ciniki da ajami.

A Ƙanƙara na fara riƙe baki. Gidan da na sani da turke shida, babura biyu muka tarar a bargar, an lulluɓe su da zane kada rana ta taɓa su. Doki ɗaya ya rage, akawal ɗan Barno, baƙi wuluk, ƙirji kamar ƙofar zaure, in ya taka sai ka ji ƙasa ta amsa. Na daɗe a gabansa ina tasbihi. Mai shi ya ce farin bana ya sa harawa ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba, babur kuwa ba ya cin komai in yana tsaye.

Muka hau motar auduga zuwa ƙasar Faskari, ramuka suna jijjiga mana hanji. A Tafoki mun ga wata goɗiya gunya da duƙushinta, launinsu kamar man shanu, da ƙananan dawakin nan ƙuru masu gashin wuya buzu-buzu, marasa gajiya. A nan ne kuma muka ga ana tura dawaki bakwai cikin babbar mota da bulala. Na tambayi wane mai hali ne ya saye su, aka ce wurin mahauta za a kai su can nesa. Har da wani hurde mai dabbare-dabbare kamar an zana shi da alƙalami. Baba ya kasa cin tuwon da aka kawo mana.

Sai a Daudawa muka dace. Kili ne siririn ƙafa, dogon wuya, hanci a buɗe, ido kamar an sa masa kwalli. Dillali ya rantse ɗan Azbin ne tsantsa, ya ce naira ɗari biyu. Baba ya sa na mayar masa lissafin fam, da ya ji ɗari ya yi salati, sannan ya biya.

Kwana biyu muka yi a ƙasa muna jan sa. Na roƙi Baba ya hau ko na zango ɗaya ne, ya ce hawan dokin mutane ya ishe shi.

Mun sami Malam a zaurensa, ya tsufa, idonsa ya rufe. Da Baba ya faɗi ko shi wanene da abin da ya kawo shi, Malam ya ce a kai shi wurin dokin. Ya shafa kunne, ya bi wuya, ya matsa gwiwa, ya buɗe baki ya taɓa haƙori. Sai ya fara dariya.

"An cuce ka, ɗan'uwa. Wannan uwa tai ƙuru ce."

Baba ya durƙusa, ya ce zai koma ya nemo na ainihi ko da zai fasa tafiyar.

"Tashi," in ji Malam. "Wancan ma haka yake. Ni na riƙa cewa ɗan Azbin ne don a girmama ni. Da ka tsaya ran nan da na gaya maka. Na karɓa, na yafe, kai ma ka yafe mani ƙaryar. Ka yi mani addu'a a Arfa."

Ya sa aka fitar da babur ɗin ɗansa daga barga, Baba ya kafa turke da hannunsa. Na rubuta shaida, suka dangwala yatsa.

Mun iso Pauwa bayan la'asar ranar Alhamis, ƙafafuna a kumbure. Na ga dawakin da ban sani ba ko jikokina za su ga irinsu. Na kuma gane cewa da Baba ya daure wa kunyar yini ɗaya, da bai ɗauki ta shekara talatin ba. Jiya ya kai hotonsa na fasfo.